Motar takan iso gare mu, takardar kiranyenta ba ta isowa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana da masu sayen tsoffin motocin Amurka, musamman a-kori-kura, da 'yan'uwana masu gyaran wayar mota, sannan in taɓa hukumomin da motocin ke bi ta hannunsu kafin su hau titi. Ni rewaya ne a Kaduna, kuma a ƙarƙashin bonet na yi furfura. Maganar da zan kawo, ta wani makunni da ke sa motocin Ford cin wuta, tsohuwa ce a Amurka, sun yi ta sun gama, har sun manta. A nan ne ba ta ƙare ba, domin idan motocinsu sun tsufa mu ake lodo wa a jirgin ruwa.

Akwai na'urar da ake kira kurus, wadda direba zai danna a kan sitiyari idan ya hau doguwar hanya, motar ta riƙe gudun da ya zaɓa, shi kuma ya ɗage ƙafa daga totur ya huta. Da ya taka birki sai ta saki. Kamfanin Ford ya ga kada a dogara da makunnin da ke ƙasan fedar birki kaɗai, sai ya ƙara wani na biyu a jikin mastan birki, dab da tukunyar man birki. Ɗan ƙaramin abu ne, bai kai tsawon yatsa ba, ƙasansa ƙarfe mai zare, samansa roba da soket mai baki biyu. Kamfanin Texas Instruments ne ya ƙera shi, kuma kuɗinsa bai wuce dala 20 da 'yan kai ba. Wannan ɗan abin ne ya sa Ford ya kira motoci sama da miliyan 14 su dawo gyara, abin da ake kira kiranye, tsakanin 1999 da 2009.

Bari in tsaya a kan yadda yake cin wuta, don a nan ne duk wani mai sana'ata ya kamata ya buɗe kunne. Cikin makunnin gida biyu ne. Ta ƙasa man birki ne ke matsawa idan an taka, ta sama kuma wuta ce. Abin da ya raba su wata siririyar leda ce mai suna Kapton. Duk taka birki sai ledar ta lanƙwasa, duk sakewa sai ta dawo. Hukumar kiyaye haɗurra a manyan hanyoyin Amurka, NHTSA, ta bincika ta gano cewa a wasu motocin idan an saki birki akan samu zuƙowa ta baya wadda ke juya ledar, yau da gobe sai ta gaji ta tsage. Daga nan man birki ya haura gidan wuta. Shi kuwa man birki, kowane bakanike ya san yana shan ruwa daga iska. Mai da ruwa suka zauna a kan tagulla mai ɗauke da wuta, sai tsatsa ta fara ci, dattin tsatsar ya taru har ya zama wata ɓarauniyar hanya da wuta ke bi ta sauka jikin ƙarfen mota. Wutar da ke bi ta wurin sau da yawa ba ta kai yawan da za ta ƙona fis ɗin layin ba, amma ta isa ta dafa robar makunnin sannu a hankali har ta narke ta kama. Kuma tukunyar man birki, ita ma ta roba, tana nan kusa da shi.

Babbar ɓarnar ita ce layin da aka ɗora makunnin a kai ba ya bin makulli. Kai tsaye yake da wuta daga batir, dare da rana, kamar yadda fitilar birki ke kamawa ko da mota a kashe take. Saboda haka ba a kan hanya yawancin motocin suka riƙa kamawa ba. Mutum zai dawo daga aiki, ya yi fakin, ya zare makulli, ya ci tuwonsa ya kwanta, sai tsakar dare hayaƙi ya tashe shi. Gidajen Amurka kuwa galibi na katako ne, garejin a manne da ɗakin kwana. Gidaje sun ƙone, an kai Ford kotu, har da ƙararrakin da iyalai suka shigar kan rasa rai.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin shi ne yadda aka yi ta yankan kiranyen gutsure-gutsure. A 1999 aka fara da ƙananan motoci kimanin 279,000, wato Lincoln Town Car da Crown Victoria da Grand Marquis na 1992 da 1993. Daga nan shiru har shekara kusan shida. A Janairun 2005 aka kira kusan 800,000, a cikinsu har da F-150 ta shekarar 2000, wadda ita ce a-kori-kurar da Amurkawa suka fi saye. Kafin shekarar ta ƙare, a Satumba, aka ƙara miliyan 3.8, aka faɗaɗa zuwa F-150 daga 1994 har 2002, da Expedition da Navigator da Bronco. A Agustan 2006 aka ƙara miliyan 1.2, manyan a-kori-kura irin su F-250 zuwa F-550 da bas-bas na Econoline. A Agustan 2007 miliyan 3.6, inda Ranger ta shigo. Sai Oktoban 2009 aka rufe da miliyan 4.5, har da Windstar. Makunni iri ɗaya ne a jikinsu tun farko. Ni a ganina, da zarar an ga abu ɗaya ya ƙone mota ɗaya ta wannan hanya, hankali ya ce a duba duk inda aka ɗaura shi. Amma kamfani lissafin kuɗi yake yi, kuma kowane kiranye sai da aka ja shi da igiya. Wanda yake ganin Turawa ba sa jan ƙafa a kan abin da ya shafi rai, ga shekara goma nan ya ƙirga.

Gyaran da suka yi bai da wuya ko kaɗan. Da farko, lokacin da kayan gyara ba su wadata ba, dillalan kamfanin cire soket ɗin makunnin kawai suke yi, mutum ya haƙura da kurus zuwa wani lokaci. Daga baya aka kawo wata 'yar gajeriyar waya mai ƙaramin fis a jikinta, a saƙala ta tsakanin makunnin da wayar mota, yadda da wuta ta fara zurarewa fis ɗin zai yanke kafin roba ta yi zafi. Idan makunnin ya riga ya fara yoyo, a sauya shi. Aikin 'yan mintuna ne, kuma kyauta. Duk da haka a 2008 sai da NHTSA ta fito ta roƙi jama'a, domin miliyoyin motoci ba a kai su ba, an kuma ba da shawarar kada a kwana da su a cikin gareji ko kusa da gini sai an gyara.

To, Edita, ga inda abin ya shafe mu. A Amurka doka ce ta tilasta wa kamfani ya aika wa mai mota takarda ta gidan waya, yana bin adireshin da ke cikin rajistar motar. Mai motar farko zai samu, na biyu ma wataƙila. Amma motar da ta yi haɗari ko ta tsufa, aka kai ta gwanjo, ɗan Najeriya ya saya ta intanet, aka sa ta a kwantena ta sauka tashar jirgin ruwa ta Tin Can a Legas ko ta Kwatano, ta bi ta hannun dillali uku kafin ta iso Kaduna ko Kano ko Maraɗi, wa zai aiko mata takarda? Sunanta ya fita daga littafinsu. Kuma dokar tarayyar Amurka ba ta hana sayar da tsohuwar mota da kiranyen da ba a gyara ba. Wanda ya fi sakaci da motarsa a can, wanda takarda ta zo ya jefa kwandon shara, motarsa ce ta fi saurin lalacewa ta faɗo gwanjo da araha. Araha kuwa ita muke bi. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsoffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo.

Wani zai ce ai mu Hilux muka sani, F-150 ba ta da yawa a titinmu saboda shan mai. Gaskiya ne. Amma tana nan a gonaki da wuraren 'yan kwangila, kuma makunnin bai tsaya a kanta ba. Explorer ta ƙarshen shekarun 1990 fa? Econoline ɗin da makarantu ke kwasar yara da su, da waɗanda aka mayar motar ɗaukar marasa lafiya fa? Windstar ɗin da ake lodin fasinja da kaya fa? A kiranyen 2009 Ford da kansa ya ce akwai motocin da ba su da kurus sam amma makunnin na jikinsu da wutarsa. A Windstar ma an ga man birkin yana bin cikin waya ya gangara har kwakwalwar ABS, mai hana tayoyi kullewa idan an taka birki, ya ta da wuta a can. Don haka “ai tawa ba ta da kurus” ko “ai ni ba na amfani da shi” ba kariya ba ce. Sai dai a lura, Ranger ɗin da ake magana ita ce ƙirar Amurka ta wancan zamani, ba sababbin da ake kawowa daga Afirka ta Kudu ba.

Sannan kwanciyar mota a wurinmu ta fi tasu haɗari ta wata fuskar. Gidanmu na bulo ne, na yarda, amma ina muke ajiye mota? A tsakar gida, an ja ƙofar ƙarfe an sa kwaɗo, gefe ga janareto, gefe ga jarkar fetur da aka saya don gudun layi, tagogi duk da ƙarfen ɓarayi. In da rani ne yara na kwance a tabarma taku biyar daga bamba.

Yanzu ga 'yan'uwana rewaya, kuma a nan ba zan ɓoye komai ba. Ɗaya daga cikin alamun wannan ciwo shi ne fis ya riƙa ƙonewa. Me muke yi idan fis ya ƙone? Mai kirki a cikinmu zai sauya shi da wani. Idan ya sake ƙonewa, sai a sa mai lamba babba. Idan shi ma ya tafi, sai a warware silin waya a naɗe ƙafafun fis ɗin a mayar, a ce wa mai mota “Alhaji an gama”. Kwanakin baya wani manomi ya kawo mini a-kori-kurarsa yana cewa batir na mutuwa cikin dare, kuma yana jin ƙaurin roba idan ya buɗe ƙofa da safe. Da na buɗe akwatin fis, sai na tarar da ɗaya an naɗe shi da silin tagulla har sau da yawa, robar wurin ta yi baƙi ta kumbura, in ka taɓa ta tana farfashewa. Na bi layin da hannu har ƙarƙashin bodi, na samu inda wani ya ɗauki wuta don ƙarin fitilun sama, wayar ta goge a bakin ƙarfe, jan tagullar a waje. Fis ɗin da ke ƙonewa yana faɗa wa mai gyara cewa akwai matsala a gaba, shi kuma ya toshe masa baki. Wannan ba laifin kowane kamfani ba ne, aikin hannunmu ne. Yanzu a ɗauko irin wannan hannun a haɗa shi da motar da ta zo da makunni mai yoyo tun daga can. Ko da an yi mata gyaran kiranye a Amurka, ɗan fis ɗin da aka saƙala shi ne abu na farko da yaron shago zai yanke ya haɗe wayar, don ya ga “ba na kamfani ba ne”.

Ga mai irin waɗannan motoci, dubawar ba ta buƙatar kwamfuta. Buɗe bonet, ka tsaya ta ɓangaren direba, ka nemi tukunyar man birki. A jikin ƙarfen da take zaune a kai, wajen gaba, za ka ga makunnin da wayarsa. Zare soket ɗin ka leƙa ciki. Ya kamata ya zama a bushe ƙarau. In ka ga danshin mai, ko koren tsatsa, ko robar ta canza launi, kada ka mayar da shi. Ka naɗe bakin soket ɗin da tef, ka ɗaure shi gefe inda ba zai taɓa ƙarfe ba, ka nemi sabon makunni. Ka duba kuma ko akwai 'yar ƙarin waya mai fis a tsakani. In babu, alama ce ba a taɓa yin gyaran ba. Rewaya mai hankali zai iya sa maka ƙaramin fis a layin. Sauran alamun da aka sanar a lokacin su ne kurus ya daina aiki, fitilar birki ta riƙa wasa, fitilar ABS ko ta birki ta kama a dashbod, ko giya ta ƙi fita daga P. Kafin ka samu zuwa gareji, cire kan batir da dare ba zai ci maka komai ba, kuma ka kwana da ita a waje, nesa da ɗaki. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa; wannan karon ba karin magana ba ce kawai, wutar ta gaske ce.

Kada a ɗauka matsalar ta tsoffin motoci ce kaɗai. A Mayun 2018 kamfanin Fiat Chrysler ya kira motoci miliyan 4.8 a Amurka, ciki har da a-kori-kurar Ram da Jeep Cherokee da Grand Cherokee da Dodge Charger, na wajejen 2014 zuwa 2018. Nasu ba gobara ba ce. Idan wasu wayoyi suka haɗu daidai lokacin da kurus ke ƙara wuta, to yana iya ƙin saki, ka taka birki ko ka danna maɓallin kashewa ya yi kunnen uwar shegu. Kamfanin ya ce a daina amfani da kurus sai an sabunta manhajar kwakwalwar motar, kuma in abin ya faru a hanya, direba ya danne birki da ƙarfi kada ya saki, ya tura giya zuwa N, ya gangara gefe, ya sa P. Waɗannan su ne motocin da ke shigowa yanzu, masu kuɗi na saye suna danna kurus a hanyar Zariya zuwa Kano. Wannan gyaran kuma ya fi ƙarfin tef da filaya, sai wurin da ke da na'urar kamfanin. Masu Honda da Toyota ma kada su yi dariya, jakar iskar kariya (airbag) ta kamfanin Takata na jiransu, wadda zafi da danshi ke lalata sinadarinta har ta fashe ta watso ƙarfe a fuskar direba. Wannan wasiƙa ce ta daban.

Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofa. NHTSA tana da shafi a intanet inda za ka rubuta lambar, kyauta, ya gaya maka ko akwai kiranyen da ba a gyara ba a kan wannan motar. Ɗanka da ke riƙe da waya zai yi maka cikin minti biyu, tun kana tsaye a filin dillali kafin ka biya. Amma a kula, shafin yakan tsaya a kiranyen shekara 15 da suka wuce, don haka na makunnin Ford sun tsufa, suna iya ƙin fitowa. Idan bai nuna komai a kan motar 1999 ba, ba shaidar lafiya ba ce. A duba shafin kamfanin, sannan a buɗe bonet a gani da ido.

Ga hukumomi kuma, ba wani sabon abu nake nema ba. Tun 2022 Kwastam ke amfani da lambar shasi wajen yanke kuɗin fito. Lambar da ake dannawa don a san nawa za a karɓa, ita ce dai za a danna a san ko motar na ɗauke da kiranye. Me zai hana a buga sakamakon a jikin takardar fito, yadda mai saye na ƙarshe zai gani? Muna da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa. Muna da SON mai kula da ingancin kayayyaki, muna da Road Safety da ke tare mu a hanya kan abin kashe gobara. Abin kashe gobarar yana da kyau, amma yana cikin motar da aka kulle, mai ita yana barci. FCCPC za ta iya zama da wakilan kamfanonin da ke da ofis a ƙasar nan ta tambaye su matsayinsu kan motocin da ba ta hannunsu suka shigo ba: za su gyara kyauta, ko da kuɗi, ko ba ruwansu? Ko amsar ba ta yi daɗi ba, a faɗa wa jama'a su sani. 'Yan kwana-kwana su ma, idan mota ta ƙone a ajiye, a riƙa rubuta ƙirarta da shekararta da inda wutar ta fara, maimakon a ce “matsalar wayar lantarki” a rufe littafi. A Amurka ƙorafe-ƙorafen masu motoci da aka tara wuri guda ne suka nuna cewa gobarar daga kusurwa ɗaya take tashi, gaban direba ta hagu.

Ƙungiyarmu ta makanikai kuwa ba ta buƙatar jiran Abuja. A taron wata, shugabanni su kawo tsohon makunni ɗaya daga kasuwar Panteka, a fasa shi a gaban yara su ga ledar da idonsu, a nuna musu wayar kiranye don su gane ta su bar ta a inda take. Kuma a sa tara a kan duk wanda aka kama ya naɗe fis da waya.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai gyaran wayar mota,
Kaduna.